Dafa-dukan makaroni da naman sa a tukunya ɗaya: me zai maye gurbin bekon?

Maman Hanifa, Rikkos, Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin tukunya a kan wani girki da nake son na riƙa yi wa iyalina da daddare, musamman yanzu da sanyin Jos ya fara kankama, yara kuma suna dawowa daga Islamiyya da yunwar da shayi da burodi ba sa kashe ta. Girkin na Turawa ne, kuma a tukunya ɗaya ake yin sa tun daga farko har ƙarshe: ana soya bekon, a zuba niƙaƙƙen naman sa da albasa da tafarnuwa, a ƙara tumatir da romo, sannan a juye ɗanyen makaroni a ciki ya dahu tare da komai ba tare da an tafasa shi daban an tace ba, idan an sauke kuma a barbaɗa cuku a kai. Abin da ya ja hankalina shi ne ni ma'aikaciya ce, ba na isa gida sai gab da magariba, ga tsadar gas, ga wanke-wanke da ruwan sanyi, don haka duk girkin da zai ƙare a kan wuta ɗaya da tukunya ɗaya abin so ne a wurina.

Matsalar ita ce bekon naman alade ne, mu kuwa ba ma cin sa. Shin idan na cire shi kawai girkin zai yi armashi, ko akwai abin da ya dace na sa a madadinsa? Na yi tunanin kilishi, amma ina tsoron kada ƙulin da ke jikinsa ya sauya ɗanɗanon gaba ɗaya. Sannan ina son a faɗa mini yawan ruwan da leda ɗaya ta makaroni take buƙata, domin kowa ya san dafa-dukan taliya ko dai ta caɓe ko ta kama a gindin tukunya. Mu bakwai ne a gidan, har da mahaifiyar maigida wadda haƙoranta ba sa iya nama mai tauri. Allah Ya saka da alheri.

Hajiyar Gwarimpa, Abuja

Wa alaikumus salam, Maman Hanifa. Kafin a nemi abin da zai maye gurbin bekon, ya kamata a duba aikin da yake yi a cikin tukunyar, domin ba don tsokarsa ake sa shi ba, tunda ga naman sa nan da yawa. Bekon nama ne mai kitse wanda ake tsuma shi da gishiri na kwanaki, sannan galibi a kyafe shi da hayaƙi, saboda haka abin da yake kawowa shi ne kitsen da ake soya sauran kayan a cikinsa, da gishiri, da ƙamshin hayaƙi. Gishiri kina da shi a kicin ɗinki, don haka kitse da hayaƙi ne kawai abin nema, kuma a nan ne kilishi yake gazawa, domin masu yin sa sukan fere kitsen tas kafin su shanya naman, in ba haka ba ba zai ajiyu ba.

Abin da nake amfani da shi tozo ne. Ki aika wurin mai tsire ko mai balangu da yamma a sayo miki gasasshen tozo, kimanin gram 150 zuwa 200 ya isa leda ɗaya ta makaroni, kuma ki ja kunnen ɗan aiken cewa kada a barbaɗa yaji, kada a yanka albasa da kabeji a kai, a naɗe shi haka nan. Tozo kitse ne da tsoka a cakuɗe, ya kuma riga ya sha hayaƙin gawayi, wato ya haɗa abubuwa biyun da kike nema. Ki yayyanka shi ƙanana, ki zuba a busasshiyar tukunya ba tare da mai ba, ki sa wuta kaɗan. Da farko za ki ji shiru, sannan ya fara tsartsatsi a hankali, kitsen ya narke ya malale gindin tukunya, gutsattsarin kuma su ƙanƙance su yi ja. Kada ki ƙara wuta don sauri, domin idan wutar ta yi yawa bayan zai ƙone alhali kitsen na ciki bai fito ba, kuma ɗacin ƙonannen kitse ba ya ɓoyuwa ko da tumatir nawa aka zuba. Idan sun soyu rumus sai ki tsame rabinsu ki ajiye a faranti, waɗannan su ne za ki barbaɗa a kan abincin lokacin zubawa, sauran rabin kuma ki bar su a ciki su dahu tare da makaronin.

Daga nan sai niƙaƙƙen nama rabin kilo, sai albasa babba ɗaya da tafarnuwa da 'yar citta, sai tumatirin gwangwani cokali biyu ko uku wanda za ki soya har launinsa ya yi duhu tsaminsa ya mutu, sannan markaɗen tumatir da tattasai da attarugu daidai yadda iyalinki suke iya ɗauka. Ki rage hannu wajen gishiri da dunƙule har sai kin ɗanɗana, domin masu gashi sukan sa nasu tun a kan wuta.

A nan Abuja akan sami bekon na naman sa a wasu manyan kantuna, kuma yana yin aikin sosai, sai dai yana da tsada, sannan wajibi ne mutum ya tsaya ya karanta abin da aka rubuta a jikin ledar da kyau, domin kamanninsa da na alade ba su da nisa. Ni dai ban ga dalilin wannan ɗawainiyar ba alhali akwai mai tsire a bakin kowane layi.

Tsohon Kuku, Bukuru

Sannunku da ƙoƙari. Na yi shekaru ina girki a kicin ɗin otal kafin na ajiye aiki, kuma na goyi bayan Hajiya a kan tozo, amma da sharaɗi guda wanda zafin Abuja ya ɓoye mata. Kitsen sa ya fi kitsen alade saurin daskarewa, shi ya sa girkin Turawan ba ya gargaɗi a kan wannan. A daren Disamba ko Janairu a Jos, kafin yaro ya kai rabin farantinsa kitsen ya fara yin fari a gefe, yana kuma manne wa dasashi, daga nan sai ki ga an ture abinci. Saboda haka, Malama, bayan tozon ya narke ki tsiyaye kitsen ki bar kamar cokali biyu kawai a tukunya, ki cika da man gyaɗa cokali ɗaya ko biyu. Ƙamshin hayaƙin zai zauna, nauyin kuma ya ragu. Wanda kika tsiyaye kada ki zubar, yana gyara wake da shinkafa.

Batun nama ya fi batun bekon muhimmanci a wurina. Makaroni yana dahuwa cikin minti 10 zuwa 12, naman shanunmu kuwa na dabbobin da suka sha tafiya ne, kuma ana sayar da shi a ranar da aka yanka, don haka yana da tauri ƙwarai. Idan kika yanka shi gunduwa-gunduwa kika zuba tare da makaroni, makaronin zai narke naman bai ko fara laushi ba, Baaba, mahaifiyar maigidanki, kuwa ba za ta iya taɓa shi ba. Hanya biyu ce: ko dai niƙaƙƙen nama, ko kuma ki dafa gutsattsarin naman a cikin miyar na kusan awa ɗaya kafin makaroni ya shiga, wanda hakan ya rushe dalilinki na tattalin gas. Don haka ki sayi tsoka mai ɗan ratsin kitse, ki wanke ta tun tana dunƙule, ki bari ta tsane, sannan a niƙa. Idan a kasuwa za a niƙa miki, ki duba injin da idonki, kuma ki dafa naman a ranar, domin niƙaƙƙen nama ya fi dunƙulalle saurin lalacewa. Wanda ba shi da inji zai iya daddatsa shi da wuƙa mai kaifi a kan katako har ya yi laushi, ni ma na fi son hakan saboda yana barin abin taunawa. Kada a wanke nama bayan an niƙa shi.

Wajen suya ne yawancin masu girki suke asarar ɗanɗano. Ana buƙatar tukunya mai faɗi mai kaurin gindi, da wuta mai ƙarfi. Ki baza naman a cikin mai mai zafi, ki cire hannunki na minti biyu ko uku har ƙasansa ya yi ja sosai kafin ki juya. Idan aka tula shi a ƙaramar tukunya aka hau juyawa, ruwan jikinsa zai fito ya taru, sai ya koma dahuwa maimakon soyuwa, ya yi fari-fari ba ƙamshi. In tukunyarki ba ta da faɗi, ki soya shi kashi biyu. Jan abin nan da yake mannewa a gindin tukunya bayan suya ba ƙonewa ba ne, shi ne zuciyar girkin. Da zarar kin zuba albasa da tumatir sai ki kankare shi da cokalin katako ya narke a cikin miyar. Ki tabbatar babu sauran ɗanye a cikin naman kafin ki ci gaba, tunda akwai yara da tsohuwa a gidan.

Yanzu batun ruwa. Leda ɗaya ta makaroni gram 500 ce, kuma tana buƙatar kimanin lita ɗaya ta ruwa ko romo bayan miyar da ke cikin tukunyar, wato ruwan leda guda biyu, tunda kowace ledar ruwa rabin lita ce. Da ido, ruwan ya shafe kan makaronin da ƙyar, kada ya yi iyo a ciki. Amma akwai abin da ya shafe mu mutanen Jos: garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, kuma a irin wannan tsayin ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96 maimakon 100. Ma'ana zafin tafasar bai kai na Legas ba, don haka makaroni yakan ƙara minti ɗaya ko biyu a kan abin da aka rubuta a jikin leda, ruwa kuma yana ƙara ƙonewa a wannan tsakanin. Shi ya sa nake ba da shawarar a ajiye kofi ɗaya na ruwan zafi a gefe, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan idan an ga yana neman bushewa bai dahu ba. Ruwan sanyi yana katse tafasa, kada a yi amfani da shi. Ƙarin ruwa abu ne mai sauƙi, cire shi ne ba ya yiwuwa, don haka gara a fara da kaɗan.

Sai ruwan ya tafasa sosai ake zuba makaroni, a juya nan take, a rage wuta zuwa matsakaiciya, a rufe, sannan a riƙa buɗewa ana juyawa daga ƙasa duk bayan minti biyu ko uku. Wannan ya saɓa wa dafa-dukan shinkafa da ake rufewa a bar ta. Dalili shi ne sitacin da makaroni yake saki, wanda a dahuwar yau da kullum ake tacewa a zubar, a nan yana zama a cikin tukunya. Shi ne yake ɗaure miyar ta yi kauri ta kama jikin makaronin, shi ne kuma yake sa gindi ya kama idan aka yi sakaci. Ki sauke tun yana da ɗan ƙarfi a tsakiya kuma akwai sauran romo a ƙasa, ki bar shi a rufe na minti biyar, zai ƙarasa da kansa ya shanye ruwan. Wanda ya jira sai ya ga ya bushe a kan wuta, caɓaɓɓe zai kai wa iyalinsa.

Uwar Biyu, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Baba Kuku ya gama magana a kan ruwa, ba ni da abin ƙarawa. Amma ina ganin an yi wa kilishi rashin adalci. Gaskiya ne ba shi da kitse, kuma idan aka zuba shi tun farko ƙulin jikinsa zai narke, abincin ya koma ɗanɗanon miyar gyaɗa, naman kuma ya jiƙe ya rasa abin da ya sa ake son sa. Sai dai ba a tukunya ake sa shi ba. Ki ɗan ɗumama shi a busasshen kasko, ki marmashe shi da hannu ko ki ɗan daka a turmi, ki barbaɗa a kan kowane faranti lokacin ci. Yarana sun fi son wannan a kan tozo, kuma yana da amfani ga ranar da ba a sami mai zuwa wurin mai tsire ba, tunda kilishi yana ajiyuwa a gida. Farantin Baaba kawai za ki tsallake, ko ki daka nata ya yi laushi kamar dambu.

Game da hayaƙi kuma, akwai hanyar da ba ta cin ko sisi. Ki ɗora tattasai da tumatir da albasa a kan harshen wutar gas ko a kan garwashi, kina juyawa har fatarsu ta yi baƙi-baƙi ta kumbura, ki goge mafi yawan baƙin da hannu ba tare da kin wanke ba, sannan ki markaɗa ko ki jajjaga. Ƙamshin da yake bayarwa yana kusa da na dafa-dukan biki da aka yi da itace, kuma gashin yana rage ruwan tumatirin da tsaminsa, don haka suyar miyar ba ta ɗaukar lokaci. Idan kika ƙara 'yar daddawa, abin da bai wuce rabin ƙaramin cokali ba, a cikin mai tare da albasa, romon zai yi zurfi ba tare da wani ya gane abin da aka sa ba. Kada dai ta yi yawa, domin tana danne komai.

Mu da Allah Ya ba kasuwar Farin Gada bai kamata mu yi irin wannan girki babu kayan lambu ba. Karas da koren wake a yanka ƙanana su shiga tare da makaroni, koren tattasai da kabeji da lawashi kuma sai minti biyu na ƙarshe. Suna ƙara auki, har leda ɗaya ta wadaci mutum bakwai. Idan babu su, ko akwai samari a gidan, sai kin kai leda ɗaya da rabi, ki ƙara ruwan daidai da haka. Ki zaɓi makaroni mai murɗe ko mai lanƙwasa, domin niƙaƙƙen nama yana maƙalewa a jikinsu, a doguwar taliya kuwa sai ya zame ya taru a gindin tukunya, wanda aka zuba wa a ƙarshe ya kwashe rabon kowa. Taliyar Hausa ta murji ba ta dace da wannan girki ba sam, da fulawa ake yin ta, ba ta jure juyi.

Maman Hanifa, Rikkos, Jos

Na gode ƙwarai, Hajiya da Baba da 'yar'uwata Uwar Biyu, Allah Ya ƙara basira. Zan haɗa tozon da gasasshen tattasai na gani. Saura batun cuku da ba a taɓo ba: irin wanda ake gogawa ya narke yana da tsada a nan, shin dole ne? Kuma idan abincin ya yi saura, zan iya zuba wa yara su tafi da shi makaranta washegari, ganin cewa wutar lantarkinmu ba ta da tabbas?

Hajiyar Gwarimpa, Abuja

Cuku ba dole ba ne, Maman Hanifa. Aikinsa shi ne ƙara maiƙo da kauri, kuma sitacin da Baba Kuku ya yi bayani ya riga ya ɗauki rabin wannan aikin. Kada ki yi ƙoƙarin sa awara ko cukun Fulani a madadinsa da niyyar su narke, domin ba sa narkewa a wuta, sai dai a soya su a ci a gefe. Idan kina son abincin ya yi laushi a baki, ki zuba rabin gwangwanin madarar ruwa marar sukari, ko cokali ɗaya na soyayyen man shanu, amma sai bayan kin kashe wuta tafasar ta kwanta, domin madara tana tsinkewa idan ta haɗu da tsamin tumatir a kan wuta mai ƙarfi. Tunda Baba ya yi gargaɗi a kan daskarewar kitse, a lokacin sanyi madarar ta fi man shanun dacewa da ku.

Game da saura, ki ɗebi na makarantar tun kafin ki zuba madara, ki baza shi a faffaɗan mazubi domin ya huce da wuri, ki sa a firji kafin awa biyu da saukewa. Da safe ki yayyafa masa ruwa, ki ɗumama shi a rufe har ya yi zafi ƙwarai ciki da waje yana tururi, sannan ki zuba a kular da ke riƙe zafi. Idan kuwa babu wuta a daren kuma firjin ya huce, kada ki dogara da sanyin gari, domin abinci mai niƙaƙƙen nama yana iya lalacewa ba tare da ya canza wari ba. A irin wannan ranar gara ki dafa daidai cikinku, ki soya naman da miyar da ɗan yawa idan kina da wani firji mai sanyi da za ki ajiye, da safe ki zuba ruwa da sabon makaroni, cikin minti 15 ya dahu.